Idan Kan Dutse Ya Yi Zafi, Mu Na Ƙasa Fa?

Alhaji Lawal Mai Dankali:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, ya muka ji da zafi? Jiya da daddare na sauka Daura daga Filato, kuma akwai abin da ya tsaya mani a rai tun a hanya. Na ce bari in kawo shi nan ko masu ilimin cikinmu za su warware mani.

Shekara ashirin da shida ke nan ina bin hanyar Jos wajen sarin dankalin turawa da kabeji da karas. Da can, ko a tsakiyar bazara irin wannan, in ka bar Daura da zufa, ka wuce Kazaure da Kano, ka ratsa dajin Falgore ka fita Saminaka, to daga Jengre in mota ta fara hawa sai ka ji iska ta sauya, ka ɗaga gilashi da kanka. A jakata akwai rigar sanyi da ba ta fita, don ko watan Afrilu ne sai na saka ta da asuba in zan shiga kasuwar Maikatako a Bokkos. Wannan zuwan kwana biyar na yi, rigar nan ko ɗaga ta ban yi ba. A masaukina na Bukuru na ga maigidan ya ɗaura fanka a kowane ɗaki, gidan da na san bargo biyu ake ba baƙo.

Manoman da nake saye a hannunsu kuma kukansu ɗaya: ruwa ya zo, a yi shuka, ya ɗauke mako biyu ko uku, in ya dawo ya dawo da ƙarfi ya kwashe kunya. Tambayata, wai da gaske duniyar ce ke ɗumama har kan dutse, ko ni ne jikina ya canza?

Sani Direba:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ba jikinka ba ne. Ni ma da nake ɗauko kayan gwari daga Farin Gada, da in na yi lodi da yamma sai in kwana in taso da asuba kaya lafiya lau. Yanzu in kabeji ya kwana a mota, kafin Kano ganyen waje ya yi laushi.

Baba Musa Ƙofar Baru:
Lawal, sannu da hanya. Ni dai ina roƙon ku yaran nan ku bi maganar a hankali. Zafi ba yau ya fara ba, fari ma ba yau ya fara ba. Na ga na 1973 da idona, shanu suna faɗuwa a bakin hanyar Zango, mutanen arewa suna shigowa da 'ya'yansu ba komai a hannu. Na ga na 1984. Kakanninmu kuma sun ba mu labarin Kakalaba ta 1914, lokacin da mota ba ta yaɗu a ƙasar nan ba balle hayaƙinta. To wa ya ɗumama duniya a lokacin? Shekaru suna juyawa ne, wata ta zo da ruwa wata ta zo da rana. Ka je Jos ka tarar da mako mai zafi, wannan bai isa a ce duniya ta sauya ba.

Amma sanyin Jos na da, wannan ba wanda zai gaya mani. Mahaifina yana cikin waɗanda aka kwasa lokacin diban gwamna, a yaƙin Hitila, tsakanin 1942 da 1944, aka kai su haƙar kuza. Har ya rasu, in ana hirar wahala, ba ya fara ambaton aikin ko ƙarancin abinci, sanyi yake fara faɗa. Mutanen da suka tashi a ƙasar rairayi da riga ɗaya aka kai su kan dutse cikin ruwa da iska, da yawa ciwon ƙirji ya kashe su can ba su dawo ba. Ya dawo da wani baƙin bargo, yana nan a ɗakina har yanzu.

Hajiya Rabi:
Allah ya jiƙan su Baba, ya sa wahalar ta zama kaffara. Ni a Bukuru aka haife ni, aure ne ya kawo ni Daura. Muna yara, a watan Disamba da Janairu man gyaɗa da man kaɗe daskarewa suke a kwalba, sai an ajiye kusa da murhu. Ruwan alwala kuwa Innarmu ba ta yarda mu taɓa ba a ɗumama ba. Kowane ɗaki da kaskon wuta. Abin da na fi riƙewa shi ne ba mu san gidan sauro ba sai da na zo nan. Yanzu ƙanwata da ke can cewa take ba ta iya kwantar da yara ba gidan sauro. Ban san sunan abin a boko ba, amma garin da na tashi a ciki ba shi ne wanda nake zuwa yanzu ba.

Malam Kabir Malamin Jogirafi:
Baba, ranka ya daɗe, rabin maganarka daidai take, kuma ita ce ma ƙa'idar masana yanayi: ba a yanke hukunci da mako ɗaya ko shekara ɗaya. Sai an tara awon shekara 30 a jere kafin a ce ga yanayin wuri. Saboda haka kwana biyar ɗin Alhaji shi kaɗai ba hujja ba ne. Inda zan roƙi Baba ya ba ni dama shi ne, an yi wannan tarin, kuma ya nuna abin da Alhaji ya ji a jikinsa. Hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana 2024 a matsayin shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye awo, da ƙarin kusan digiri ɗaya da rabi a kan yadda duniya take kafin zamanin masana'antu. Wadda ta riƙe matsayin kafin ita kuwa 2023 ce. Fari yana zuwa ya wuce kamar yadda Baba ya ce, amma shi zafin hawa yake yi, in ya ɗan sauka ba ya komawa inda ya taso.

Bari in yi bayanin sanyin Jos, don daga nan za a gane sauran. Iska tana rage zafi ne gwargwadon tsawo, wajen digiri shida da rabi a kowace mita 1,000 da ka hau. Katsina tana kan mita 500 da 'yan kai daga doron teku, Jos tana kan wajen mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinta sun haura 1,800. Ka ga tsawo kaɗai ya ba Jos ragin digiri huɗu zuwa biyar a kanmu, ga kuma gajimare da ruwan da take samu wanda ya ninka namu. Wannan ragin yana nan, ba wanda ya sassare dutsen. Abin da ya faru shi ne an ɗaga mu duka tare. Mu da muke 40 a Afrilu mun ƙara, su ma da suke ƙasa da mu sun ƙara. Ƙarin digiri ɗaya kamar ka sauko da garin ne mita 150 daga inda Allah ya ajiye shi. Ga mutum ba wani abu ba ne, ya cire rigar sanyi. Ga dankali da sauro kuwa babban abu ne, don su a kan wannan 'yar iyakar suke rayuwa.

Ɗan'azumi na Sandamu:
Malam, to yaya aka yi a 2024 ɗin da ka ce ta fi zafi mu nan ruwa ya kusa cinye mu? Gidaje nawa suka zube a ƙauyukanmu. In duniya zafi take yi ai bushewa ya kamata mu gani.

Malam Kabir Malamin Jogirafi:
Tambaya mai kyau, Ɗan'azumi. Iska mai zafi ta fi mai sanyi iya ɗaukar tururin ruwa, wajen kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri. Sai ta daɗe tana tarawa ba ta saki ba, in ta tashi saki ta juye a sa'o'i kaɗan. Ka tuna yadda shekarar ta kasance. A farkon Afrilu, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. A watan Yuni fiye da alhazai 1,300 suka rasu a aikin Hajji, akasari saboda zafi. Daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta ruwa ya ɗauke makonni a sassan Filato da Taraba da Neja da Kogi, wuraren da ba a saba jin kukan fari ba, har aka yi ta fita roƙon ruwa. A daidai lokacin mu nan arewa marka ta ƙi tsayawa. A farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram ya rushe, bayan mako guda madatsar Alau ta ɓalle ta shiga Maiduguri. Duk a shekara ɗaya. Manomi ba yawan ruwan shekara ne damuwarsa ba, yadda aka raba masa shi ne.

Ɗan'azumi na Sandamu:
Wannan ta ƙarshen gaskiya ce. Gero yana jure ƙishi, amma in ruwa ya ɗauke yana cikin bununi, ko daga baya an yi ambaliya zangarniyar ta riga ta tafi. Ni yanzu na daina binne gaba ɗaya. Sau biyu ina zuba iri a busasshiyar ƙasa, yayyafi ya zo ya tsirar da shi, rana ta ƙone shi. Sai na ga ruwa ya jiƙa ƙasa kamu ɗaya nake fita da sungumi.

Injiniya Bashir:
Ni ina da ja a kan maganar Jos ɗin, Malam Kabir. Kada mu ɗora wa Amurka da Sin komai. Jos da Bukuru a da garuruwa biyu ne da fili a tsakani, yanzu sun haɗe, duk kwano da siminti da kwalta. Itatuwan da ke gefen duwatsu sun tafi gawayi. Ko nan Daura, ka shiga soron ƙasa mai azara a tsohon gari da azahar, ka fito ka shiga ɗakin bulo mai rufin kwano marar silin a sabuwar unguwa, za ka rantse ba gari ɗaya ba ne. Fankar da Alhaji ya gani a Bukuru, wataƙila maginin gidan ne ya jawo ta, ba hayaƙin Turai ba. Sauron Hajiya ma, kwatoci da kududdufan da haƙar kuza ta bari sun isa su haifar da shi.

Malam Kabir Malamin Jogirafi:
Na yarda, Injiniya, kuma ba na so a raina wannan, don shi ne ɓangaren da ke hannunmu. Gari yana ƙara wa kansa zafi, musamman da dare, lokacin da siminti ke mayar da abin da ya sha da rana. Amma ka je inda babu kwano ko ɗaya. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya tsawonsa mita 5,895, ba mai gini a ƙoƙuwarsa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da aka auna a kansa a 1912 ta tafi. A Suwizalan, ƙanƙarar duwatsunsu ta ragu da kashi 10 cikin 100 a shekara biyu kacal, 2022 da 2023. Maganar sauro kuwa, an bi bayanan asibitoci a tuddan Habasha da Kolombiya, aka ga a shekarun da suka fi ɗumi zazzaɓin cizon sauro yana hawa ƙauyukan da suka fi tsawo. Abu biyu ne suka haɗu a kan Jos, na gida da na duniya. Raba su a ce wannan kashi kaza ne, sai an kwatanta awon cikin gari da na ƙauye na shekaru masu yawa.

Buba Jauro:
Salamu alaikum manya. Ban iya dogon rubutu ba amma bari in faɗi namu. Kawunnaina suna Mambila, wajen Nguroje, tun kakansu ya hau da shanu. Abin da ya kai Fulani kan Mambila da Filato tun farko shi ne ciyawa da ruwa da kuma rashin tsando. A ƙasa sammore yana gama garke, a sama babu. Yanzu a Filato tsando ya hau, likitocin dabbobi na Vom ma sun san da haka, makiyayi sai ya riƙa sayen allurar sammore kamar na ƙasa. A Mambila kuma Kawu ya ce ƙoramun da ba su taɓa ƙafewa ba yanzu kafin ƙarshen rani sai kwari. Wasu suna cewa itacen turare da aka cika shukawa ne ke shanye ruwan, wasu suna cewa shanu sun yi wa ƙasar yawa, wasu suna cewa rani ne ya ƙara tsawo. Mu dai mun san in ciyawar sama ta ƙare dole a sauka, kuma sauka ita ce mafarin rigima da manoma.

Hajiya Rabi:
Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Buba. Wannan ta fi komai tayar mani da hankali.

Malam Auwalu Limamin Unguwa:
Na karanta duka. Akwai abin da nake so in gyara tun kafin wani ya kawo shi, don na sha jin sa a majalisa: wai yin wannan magana shiga hurumin Allah ne. Ruwa da rana da iska duk na Allah ne, babu Musulmin da ke shakka. Amma Allah ya sanya wa abubuwa sababi, kuma shi da kansa ya gaya mana a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Wanda ya sare gawon gonarsa ya sayar, ƙasa ta mutu, ba zai ce ƙaddara kaɗai ba ce. Mu fita roƙon ruwa in ya ɗauke, sunna ce. Mu kuma daina abin da muka san yana cutarwa. Sannan ina tuna wa 'yan'uwana limamai cewa ya tabbata a hadisi a jinkirta azahar in zafi ya tsananta har gari ya ɗan yi sanyi. Akwai tsofaffi a sahu.

Baba Musa Ƙofar Baru:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Kabiru, kai ma na ji ka, ban ce ƙarya kake ba. Abin da na ƙi shi ne yaro ya ɗauka kafin shi ba a sha wuya ba. Amma zan ba ka gaskiya ɗaya: dare ya canza. Da ko a bazara, in ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kafin asalatu sai ka jawo mayafi. Yanzu har kiran farko ƙasa tana huci. Wannan ban san shi ba a 1973.

Nafisa Ma'aikaciyar Jinya:
Baba, wannan daren da ka ambata shi ne ya fi ba mu wahala a wurin aiki. Jiki yana jure zafin rana in ya samu dare ya huta. In bai samu ba kwana uku huɗu, sai ka ga an kawo tsoho ya rikice ba ya gane mutane, ko jariri ya bushe. Don Allah a riƙa ba tsofaffi ruwa ko ba su nema ba, masu hawan jini da ciwon suga a sa musu ido, kuma kada a cunkushe a ɗaki ɗaya a rufe taga, lokacin sanƙarau ne.

Alhaji Lawal Mai Dankali:
Na gode ƙwarai jama'a. Bari in ƙara abin da ya sa abin ya dame ni fiye da maganar riga da fanka, don wani zai ce ina ruwan Badauri da sanyin Bokkos.

Dankalin turawa ba ya yin ƙwaya sai dare ya yi sanyi. In dare ya yi ɗumi sai ya tafi ganye, ka ga gona kore shar, ka tona ka tarar da 'yan ƙanana kamar ƙwan zabo. Shi ya sa duk faɗin Najeriya mafi yawansa daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yake fitowa, har cibiyar bincikensa a Kuru aka kafa ta. Ba zan ɗora wa zafi komai ba, don cutar da ke baƙanta ganye ta ruɓar da shi a damina ta fi son sanyi da laima, ga tsadar taki, ga rashin tsaro da ya hana wasu zuwa gona. Amma wani dattijo da na fi shekara ashirin ina saye a hannunsa ya kai ni gonarsa ta gangare ya ce ya bar ta ga masara, dankali sai a ta sama. Na tambaye shi in ta saman ma ta ƙi fa? Ya ɗaga kai ya dubi dutsen, ya ce daga nan sai sama, babu wata gona.

Maganar nan ita ta hana ni barci a mota. Mu nan in zafi ya yi yawa muna da inda muke kwatantawa, mu ce ai Jos da sanyi. Su ba su da wata Jos a samansu. Kuma buhun da na kasa cikawa can, mai suyar dankali da ƙwai a bakin tasha a nan ita za ta fara ji, sai mai saye.

Injiniya Bashir:
Alhaji, haka alkama take a wurinmu. Masu noman rani a Jibiya da Kadawa sun san in ba ka shuka ba daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, zafin ƙarshen Fabrairu zai same ta tana zuba ƙwaya ta tsumbure. Hunturunmu shi ne dutsenmu. In ya gajarta, mu ma ba mu da gonar sama.

Sani Direba:
Malam Kabir, wani ya ce mani ruwan dam ɗinmu ma daga Jos yake zuwa. Haka ne?

Malam Kabir Malamin Jogirafi:
A'a Sani, namu ba daga can ba ne. Zoɓe da Jibiya da Ajiwa da Sabke da Daberam duk ruwan da ya sauka a ƙasarmu da maƙwabtanmu na kusa suke tarawa. Amma kogin Kaduna da Gongola da na Jama'are daga tuddan Filato suke tasowa, don haka masu noman fadama a can ƙasa suna shan abin da dutsen ya tara. Kai kuma kana ɗauko tumatir da tattasai daga wasu cikin waɗannan wuraren, ka ga ta nan abin ya shafe mu.

Alhaji, ina da roƙo. Akwai ƙaramin ma'aunin zafi irin na bango, zan ba ka ɗaya. Duk zuwan da ka yi, ka rataye shi a inuwa a waje, ba jikin kwano ba, ka duba bayan sallar asuba da kuma ƙarfe biyu na rana, ka rubuta da kwanan wata. Ni ma zan sa ɗalibaina su riƙa duba namu a makaranta a ranakun. Ba zai zama hujjar shekara 30 ba, amma yaran za su ga bambancin tudu da gangare da lambobin da suka rubuta da hannunsu.

Baba Musa Ƙofar Baru:
Lawal, in ka koma, ka nemi tsofaffin Bukuru waɗanda iyayensu suka yi aikin kuza, ka tambaye su yaushe rabon da su kwana da kaskon wuta a ɗaki. Ka kawo mani amsar da bakinsu, ina so in ji.

Alhaji Lawal Mai Dankali:
In sha Allahu Baba, akwai mutum biyu da na sani a layin masallacin da nake sallah. Malam Kabir, ranar Laraba zan tashi don in riski kasuwar Mangu ta Juma'a. Ka aiko yaro da ma'aunin shagona gobe bayan la'asar, ka haɗo da ɗan littafin da zan riƙa rubutawa, ka ja mani layukan yadda kake so.